Tsofaffin Gidajen Mai: A Auna Ƙasa Kafin A Haƙa Rijiya

A Ikko da Badun da Fatakwal ba abin mamaki ba ne a ga gidan man da ya daina aiki an tumɓuke famfunansa, an gina kantuna ko ɗakunan haya a wurin. Abin da ido ba ya gani shi ne tankin ƙarfe da aka bari a binne. Idan tsatsa ta huda shi, sauran fetur ko gas yakan tsiyaya cikin ƙasa sannu a hankali har ya tarar da ruwa. Da yake mai bai kai ruwa nauyi ba, sai ya kwanta a kansa, wani sashe kuma ya narke ya bi ruwan zuwa rijiyoyin maƙwabta.

Wannan al'amari ya shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai, domin da yawansu ne ke kama hayar irin waɗannan wurare. Ga kuma 'yan ga-ruwa da masu shayi da masu sayar da abinci, waɗanda sana'arsu ta dogara ga ruwan rijiya da na burtsatse.

Hanyar gane gaskiya ita ce awo. Ma'aikata sukan huda ramuka kewaye da tankin da inda bututu ya bi, su ɗebi ƙasa daga zurfi dabam-dabam. Sa'an nan su kafa ƙananan rijiyoyin gwaji, aƙalla guda 3, don a san inda ruwan ƙasa ya nufa. Akan rufe samfurin a kwalba ba tare da iska ba, a sa cikin ƙanƙara zuwa ɗakin bincike, saboda gubar fetur tana saurin bin iska. Babbar wadda ake nema ita ce benzin, mai haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ta wuce maikurogiram 10 a lita ɗaya ta ruwan sha. Ruwa yana iya wuce wannan ƙa'ida alhali yana nan garau, ba wari. Alif da tacewa da ƙyalle ba sa fid da ita.

Ƙasar Ogoni a Jihar Ribas ta isa misali. A rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar cikin watan Agusta 2011, an auna samfuri fiye da 4,000, har da ruwa daga rijiyoyin gwaji 142. A Nisisioken Ogale an sami tataccen mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa, benzin kuwa ta ninka ƙa'ida fiye da sau 900 a rijiyoyin da mutane ke sha. Rahoton ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Sai a 2016 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin. Ko da yake gidan mai guda bai kai wannan ɓarna ba, hanyar da guba ke bi ɗaya ce.

Hukumomi dai akwai su. An kafa NOSDRA a 2006 don lura da malalar mai, dokar man fetur ta 2021 kuma ta ɗora sha'anin gidajen mai a kan NMDPRA. Amma mai gida da ke son sayar da fili ba shi da ɗokin kiran masu awo, tun da abin da za a gano zai karya farashi, kuma tonon tanki da kwashe gurɓatacciyar ƙasa kuɗi ne masu yawa. Ɗan haya shi kaɗai ba shi da ƙarfin tilasta masa.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da na masallatai su sa baki. Kafin jama'a su haɗa kuɗi su sayi fili ko su haƙa burtsatse, a tambayi tsofaffin unguwa abin da ake yi a wurin a da. In gidan mai ne ko garejin tankoki, a nemi takardar awon ƙasa da ruwa kafin a biya ko kwabo. Rijiyar da ta soma warin fetur kuwa, a rufe ta nan take, kada a kai fitila bakinta, a sanar da ma'aikatar muhalli ta jiha. Rigakafi ya fi magani.