Bidiyon Lofe Da Shisha: Tallar Taba Ce Ta Sake Riga



A 'yan watannin nan wasu bidiyoyi sun yi ta yawo a wayoyin matasanmu. Za ka ga dattijon Bature zaune a kujera mai laushi, littattafai jere a bayansa, yana cusa taba a lofe a tsanake, yana magana ƙasa-ƙasa kamar malami a aji. Da shugabannin ƙungiya suka nuna rashin jin daɗinsu kan yaɗa irin waɗannan bidiyoyi, wasu daga cikinmu suka ce an cika tsanani. A cewarsu sha'awa ce kawai kamar kiwon tantabara, kuma akwai ilimi da tarihi a ciki. Tunda maganar ta fito fili, bari amsar ma ta fito fili.

Za mu fara da ba su gaskiyarsu. Tashoshin masu sha'awar lofe a YouTube, waɗanda yawancinsu na Amurkawa ne da mutanen Turai, ba shirme zalla ba ne. A can za ka ji cewa lofe mai tsada ana sassaƙa shi ne daga saiwar wani icce da ke fitowa a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, kuma garin Saint-Claude na Faransa ya yi suna da wannan sana'a. Za ka ji labarin farin dutse mai taushi da ake haƙowa a yankin Eskishehir na Turkiyya a sassaƙa shi ya zama lofe, da wani kamfani a jihar Misuri ta Amurka da ke yin lofe da totuwar masara tun 1869. Za ka ji labarin tabar Latakiya da ta samo sunanta daga wani gari na bakin teku a Siriya, wadda ake busarwa da hayaƙin itace. Suna koyar da yadda ake cusa taba, yadda ake kunnawa, yadda ake goge lofe. Tsohon da ya shekara talatin yana shan lofe, abokansa sun ƙare, shagon unguwarsu ya rufe, lallai zai sami abokan hira a can. Wannan ba mu musa ba.

Abin da muke tambaya shi ne: amfanin nan, wa yake komawa? Ku kalli bidiyo goma a jere ku ga inda kowanne yake ƙarewa. Wannan yana kwance ƙunshin kayan da ya yi oda. Wancan yana buɗe gwangwanin taba, ya shinshina, ya lumshe ido, ya ce ƙamshinta kamar zuma da busasshen inabi. Na uku yana jera lofe biyar da ya ce ya kamata sabon shiga ya fara da su. Sabon shiga fa! Mutumin da bai taɓa sa taba a bakinsa ba shi ake yi wa jagora. Mu 'yan kasuwa ne, daga Mile 12 har Alaba Rago mun san talla in mun gan ta. Wanda ya yabi kaya, ya faɗi sunan mai yin su, ya nuna maka yadda za ka fara amfani da su, talla yake yi, ko an biya shi ko ba a biya shi ba. Kuma tallar da ta zo ta bakin mai sha'awa ta fi ta kamfani shiga rai, domin mai kallo ba ya ɗaura ɗamarar tsare kansa.

Mu da muka haura arba'in mun tuna lokacin da tallar sigari ke ko'ina, a rediyo, a talabijin, a manyan alluna na gefen titi, har da casun mawaƙa da kamfanonin taba ke ɗaukar nauyi a shekarun 1990. Ba a banza aka wayi gari babu su ba, gwagwarmaya aka yi. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba a 2005. Jihar Legas ta kafa dokar hana shan taba a wuraren taruwar jama'a a 2014. A 2015 aka sa hannu kan dokar taba ta ƙasa, wadda ta hana tallata taba ga jama'a, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana cinikin taba ta intanet. A 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa ta sanar da ƙa'idar hana ƙawata shan taba a finafinai da bidiyon waƙa da gajerun wasannin barkwanci. An bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya an kulle. Sai ga abin da aka kora ya dawo ta taga, yana aljihun kowane yaro, sannan wasu daga cikinmu na cewa mu shimfiɗa masa tabarma domin wai ya zo da ilimi.

Hujja ta biyu da ake kawo mana ita ce wai lofe ba sigari ba ne, mai shansa ba ya zuƙar hayaƙi zuwa huhu, a baki kawai yake juya shi ya fesar. To bakin ba jiki ba ne? Tun a 1964 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka, rahoton da ya tona asirin sigari, ya danganta shan lofe da ciwon dajin leɓe. A 2004 masu bincike na ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka suka fitar da sakamakon bin diddigin maza sama da dubu 130 na tsawon shekaru. Waɗanda lofe kaɗai suke sha, haɗarin mutuwarsu da ciwon dajin huhu ya ninka na marasa shan taba kusan sau biyar, ban da na baki da maƙogwaro. Nikotin kuwa, sinadarin da ke ɗaure mutum da taba, yana ratsa fatar cikin baki ya shiga jini ko ba a zuƙa ba. Ku nemi wannan bayani a cikin waɗancan bidiyoyi masu daɗin kallo ku ga ko minti nawa aka ba shi. Kuma ba za ku ga an ɗauki bidiyo a gadon asibiti ba, domin wanda ciwo ya kama maƙogwaronsa ba ya iya yi wa kowa hira.

Sai mu dawo gida, inda abin ya fi damun mu. Yaron da ke Agege ko Idi-Araba ba zai yi odar lofen Faransa da dala ba, wannan kowa ya sani. Amma waya tana lura da abin da ido ya tsaya a kai, wanda ya kalli hayaƙi hayaƙi za a ƙaro masa. Daga dattijon Bature sai saurayi mai fesa zobban hayaƙi, sai budurwa mai koyar da yadda ake haɗa tukunyar shisha da ƙamshin tuffa ko na'ana'a. Shisha kuwa ba sai an yi oda daga waje ba, tana nan a gidajen shaƙatawa, tana nan a ɗakunan samari, har ta fara shiga shagulgulan biki. Lofe ne a bidiyo, shisha ce a ƙasa, kuma darasin ɗaya ne: hayaƙi wayewa ce.

Da yawa daga yaranmu sun yarda cewa ruwan cikin tukunyar yana tace guba. Ba ya tacewa. Sanyaya hayaƙin yake yi, shi ya sa ake iya zuƙarsa da yawa ba tare da tari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa a zama ɗaya na shisha mutum na iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na karan sigari 100 ko fiye. Gawayin da ake ɗorawa a sama yana fitar da iskar guba iri ɗaya da ta janareto, wadda mu mazauna Legas mun sha jin ta hallaka iyali guda a dare ɗaya. Ga kuma bututu ɗaya yana zagaya bakuna biyar ko shida, hanya buɗe ga tarin fuka da sauran cututtuka masu yaɗuwa. Ruwanda da Kenya sun haramta shisha a 2017, kuma a 2018 ministan lafiya na wancan lokaci, Farfesa Isaac Adewole, ya nemi jami'an tsaro su hana sayar da ita a nan Najeriya. Saurayin da ya ce ya bar sigari ya koma shisha, gudun gara ya yi ya faɗa wa zago.

Akwai masu cewa ai kakanninmu ma sun sha lofe, sun ci taba gari, me ya same su? Gaskiya ne an sha lofe a ƙasar Hausa, an noma taba, an yi fataucinta. Amma kakanninmu ba su da labarin da muke da shi yau, kuma tsohon da tari ya kashe a ƙauye ba wanda ya duba huhunsa balle a san dalili. Sannan a wancan zamani akwai katangar kunya. Yaro ba ya shan taba a gaban babba, budurwa kuwa ko a mafarki. A nan kudu katangar nan ta riga ta yi rauni, domin kaka da kawu da gwaggo suna can gida Arewa, uba ya fita kasuwa tun asuba sai dare, uwa tana fama da nata. Wayar ce ke zama da yaro tsawon yini. Bidiyon da ke mayar da shan hayaƙi abin ado yana rushe ɗan abin da ya rage na katangar ne.

Wasu kuma sun ce manya ne ke kallo, kowa da 'yancinsa, kuma kamfanonin suna da shingen shekaru. Wane shinge? Ranar haihuwar da yaro ɗan shekara 14 zai rubuta da hannunsa? Ko wayar babansa da ke hannunsa tun la'asar? Instagram da Facebook sun hana masu tasiri karɓar kuɗi su tallata taba tun ƙarshen 2019, amma mai cewa sha'awarsa kawai yake nunawa yana wucewa salin-alin. Babban mutum kuwa da ya zaɓi shan lofe a ɗakinsa, ba mu da hurumin kama hannunsa. Abin da muke da hurumi a kai shi ne abin da ake turawa da sunan zumunci a tsakaninmu, inda 'ya'yanmu da ƙannenmu ke gani. Kuma kada a manta, in ciwo ya kwantar da ɗan uwa a garin nan, asusun ƙungiya ake buɗewa, faranti ake zagayawa da shi rumfa-rumfa, mu ne ke neman kuɗin motar mayar da shi gida. Wanda zai ɗauki gawa yana da bakin magana tun kafin a kai ga haka. Taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a duniya duk shekara, ba ma so a ƙidaya da namu.

Saboda haka matsayarmu ba ta sauya ba. Muna roƙon 'yan uwa su daina tura bidiyon lofe da shisha da sigarin lantarki a duk wani zaure mai ɗauke da sunan ƙungiya. Muna roƙon masu shirya biki a unguwanninmu kada su bari a girke tukunyar shisha a wurin. Iyaye, ku karɓi wayar yaro lokaci-lokaci ku duba abin da take kawo masa, ku tambaye shi cikin lalama, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matasanmu masu basirar ɗaukar bidiyo, ga dattawanmu nan da suka san tarihin fataucin goro da shanu tsakanin Arewa da Kurmi, ga maɗinka hula da dukawa da masu sassaƙa, duk suna tsufa ba wanda ya naɗi bakinsu. Mai neman tarihi da gwanintar hannu ya fara da su, ƙungiya za ta haɗa shi da su.

Wanda kuma ya riga ya kamu yana son bari, ya zo ya same mu a ofis. Ba za a tona masa asiri ba, za a raka shi wurin likita.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya.