Kwanukan kaka ma abin zanawa ne

A shekarar 2018 an sayar da wani zanen Njideka Akunyili Crosby kan fiye da dala miliyan 3 a gwanjon Sotheby's. Kuɗin ne ya cika jaridu, amma kayan da take aiki da su tun tana sabuwar shiga sun fi cancantar a tsaya a kansu.

Njideka 'yar marigayiya Dora Akunyili ce, tsohuwar shugabar NAFDAC. An haife ta a Inugu a 1983, ta tafi Amurka tana da shekara 16. Takan yi fotokofin hotunan iyali da na mujallun Najeriya, ta kifa su a kan babbar takarda, ta goga sinadarin asiton a bayansu har tawadar ta koma jikin takardar. Hoton yakan fito dishi-dishi, kamar yadda abin da ya daɗe da wucewa yake dawo wa mutum a zuci. A kansa take zana teburin kakarta da fitilar kananzir da kwanukan da ke bisansa. Bayan rasuwar mahaifiyarta a 2014, atamfar tunawa mai hoton marigayiyar ta shiga aikinta.

Fasahar buga zane ba baƙuwa ba ce a Arewa. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi fice a kanta, a Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a can a 1958. Sashen zane yana nan a Jami'ar Ahmadu Bello har yau. Sai dai matashin da ya kammala, aikin da aka fi biyansa shi ne hoton gwamna ko dawakin hawan sallah. Dawakin suna da kyau, amma mun ƙoshi.

A daidai wannan lokaci jeren langa da samira na iyayenmu mata suna tafiya hannun 'yan jari-bola a kan kilo. Kowane kwano yana da labarin wanda ya saya da bikin da aka kai shi.

Wasu za su ce kayan ɗakin uwa sirrin gida ne, ba na baje koli ba. Wannan gaskiya ne ga fuskarta da sunanta. Furen da ke murfin langa kuwa ba ya tona asirin kowa, kuma daga allon bugu ɗaya ana iya fitar da kwafi 30 a farashin da malamar makaranta za ta iya saye ta rataye a falonta.