Me Ya Sa Malam Zurƙe Ya Fi Alhaji Imam Farin Jini?

Shekara casa'in ke nan da ɗoriya da fitowar Ruwan Bagaja, amma har yau idan waɗanda suka karanta shi a makaranta suka zauna hirarsa, sunan da ke fara ba su dariya ba na mai labarin ba ne. Alhaji Imam ne ya ci alwashi, shi ya keta ƙasashe, shi ya komo da ruwan da ya warkar da ɗan sarki. Malam Zurƙe ɗan Muhamman kuwa bai samo komai ba, amma shi ake fara ambata.

Abubakar Imam ya rubuta littafin ne domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, aka buga shi a 1934, marubucin bai kai shekara 25 ba. Tun a lokacin ya gane abin da ke kama zuciyar mai karatu. A wani gari Alhaji ya mai da kansa babban malami alhali ba shi da karatun, Zurƙe mai ilmin gaske ya zo zai tona masa asiri. Sai Alhaji ya zana wata 'yar lanƙwasa a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen baƙaƙen da suka yi kama da ita, Alhaji ya ce jinjirin wata ne ya zana. Jama'a suka duba suka gaskata, aka kori mai ilmin da ihu. Duk wanda aka taɓa kayarwa a gaban mutane da gaskiyarsa ya san zafin wannan rana. Zurƙe bai tafi ya kwanta da takaici ba, ya rama, aka rama masa, ya sake ramawa, har suka gaji suka shirya. Wannan taurin kai, haɗe da shan kunya a bainar jama'a, shi ya mai da shi ɗan gida.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya fito daga gasa ɗaya, mutum ne da ake girmamawa: an sace shi yana yaro, ya tashi a hannun Balarabe, ya zama shehin malami, ba a taɓa jin ya kauce ba. Amma wadda ke sa mai karatu hawaye a littafin ita ce uwarsa, da ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Haka Aku na littafin Magana Jari Ce. Hikimarsa ta kai shi ga wazirci, sai dai abin da yara ke so a wurinsa shi ne surutu da cika baki da iya dabaibaye Musa ɗan sarki da labari har gari ya waye bai fita ba.

A nan ne da yawa daga marubutan yau, musamman masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, suke yin sake. A labaransu, saurayin ya gama karatu a Ingila, yana da kamfani, ba ya fushi sai na kishi. Budurwar kuwa an ɓata shafi uku ana wassafa gashinta da idanunta. Ana karantawa da zumuɗi, ba musu, kuma marubutan sun cancanci yabo da suka riƙe matasa ga karatun Hausa. Amma bayan wata biyu sunayen sun cakuɗe, domin babu wanda ya taɓa yin abin kunya ko ya rasa mafita. Ba soyayyar ce matsalar ba. Sumayya ta In Da So Da Ƙauna, littafin Ado Ahmad Gidan Dabino na farkon shekarun 1990, 'yar masu kuɗi ce mai son talaka, kuma ana tuna ta ne saboda ta kai maƙura har ta faɗa rijiya da aka matsa mata ta auri wanda ba ta so.

Wadda ta fi kowa cancantar a sa ta kusa da Zurƙe ita ce Rabi ta Alhaki Kuykuyo Ne, na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 2012. Rabi ba yarinya ba ce, uwar 'ya'ya tara ce. Mijinta Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Kano, yana ƙuntata mata cefane, ya auro Delu, rigima ta tashi ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama haya, ta ɗora tukunya tana sayar da abinci, ta riƙe yaran a makaranta, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Mata da yawa sun san irin wannan lissafi na kwanon shinkafa da kuɗin makaranta, shi ya sa suke ganin Rabi kamar yayarsu.

Da gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, sai dangi suka taru a kan Rabi ta koma. Ba ta so, ta faɗa a fili, amma aka fi ƙarfinta. Marubuciyar ba ta ba ta nasarar da mai karatu yake mata fata ba, ta mayar da ita gidan da aka wulaƙanta ta, yanzu kuma ita ke ciyar da mai gidan.