Tsoron Hawa Sama Ba Gado Ba Ne, 'Yan Uwana Ɗaliban Arewa

Wannan magana da ku nake, 'yan Arewan da ke karatu a Ibadan, Ife, Akure, Abekuta da Legas.

Mutum zai yi shekara huɗu ko biyar a ƙasar Yarbawa, amma duk saninsa da ita bai wuce ɗakin kwana, ajin lakca, masallaci da Sabo ba. Sai tashar motar komawa gida. Idan 'yan aji suka shirya fita yawon buɗe ido, mu ne farkon zamewa. Wani ya ce ba kuɗi, wani ya ce ɓata lokaci ne. Wasu da gaske suke. Amma na zauna da mutanenmu isasshe, na san akwai waɗanda abin da ke hana su guda ɗaya ne: an ce za a hau dutse, kuma ko bene hawa uku suka leƙa ƙasa sai gwiwa ta fara rawa. Faɗin hakan a gaban samari abin kunya ne, shi ya sa ake fakewa da aljihu.

Ni ma daga cikinsu na fito, don haka ba gori nake yi ba. A gida ko Dutsen Dala ban taɓa kaiwa samansa ba, alhali yara ƙanana da gudu suke hayewa.

Ra'ayina shi ne wannan tsoro yana da magani, kuma zamanmu a Kudu dama ce ta shan maganin da araha. Ga yadda abin yake. Idan kana tsaye a ƙasa, idonka yana dogara da abubuwan da ke kusa, bango ko bishiya, wajen daidaita tsayuwarka. Da ka hau sama ka kalli nesa, sai ido ya rasa abin kamawa, jiki ya fara ɗan layi, ƙwaƙwalwa ta ɗauka faɗuwa za ka yi. Nan zuciya za ta hau dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe. To abin da da yawa ba su sani ba, wannan tashin hankalin ba ya dawwama. Idan ka tsaya a wurin, ka kafa ido kan abu na kusa, kana jan numfashi a hankali, da kansa yake sauka. Idan kuwa ka juya da gudu, ka koya wa jikinka cewa gudun ne ya cece ka, gobe tsoron ya dawo da ƙarfinsa. Masana halayyar ɗan Adam ma da haka suke magance shi: kaɗan-kaɗan, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Shi ya sa nake ganin tsarin wuraren ya fi komai muhimmanci. Ni da Dutsen Olumo na Abekuta na fara, kuma shi nake ba kowa shawara. Akwai matakala da ƙarfen riƙewa, akwai inda za ka zauna ka huta, ga mai rakiya yana ba ka tarihin yadda Egbawa suka ɓuya a kogunan dutsen lokacin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. Sunan garin ma ma'anarsa ƙarƙashin dutse. Kana sauraron labari ka manta kana hawa. Daga sama za ka hango kogin Ogun da jajayen rufin kwanon tsohon gari.

Bayan shi sai Idanre, 'yan Akure ku kam ba ku da uzuri. Matakala sun haura 600, amma wahalarsu ta numfashi ce fiye da ta tsoro, kuma a saman akwai tsohon garin da mutanen suka baro, har da fadar sarki. Mutane sun rayu a can, mata na hawa da kaya a ka. Wannan kaɗai ya isa ya rage maka fargaba.

Na ƙarshe shi ne gadar sama ta gandun dajin Lekki a Legas. Tsawonta mita 401, inda ta fi bisa kuma ya ɗan haura mita 22. Kai, wannan kam sai wanda ya hau. Tana lilo, duk wanda ya taka a bayanka sai ka ji a ƙafarka, ƙasa kuma ga ta nan kana hange ta cikin raga. A zangon farko na riƙe igiya kamar zan tsinka ta, kalmar shahada ba irin wadda ban yi ba. Wajen tsakiya sai na lura hannuna ya saki da kansa, har ina kallon birai a kan bishiyoyi. Ban ce tsoron ya tafi gaba ɗaya ba, har yau ina jin sa, sai dai yanzu ba shi ke yanke min shawara ba. Na tabbata da a ce da Lekki na fara, da ban sake hawa komai ba.

Inda nake da ja shi ne yadda muke yi wa juna. Mutum ya daure ya zo, ya tsaya a tsakiyar hawa yana haki, sai a zagaye shi da waya ana dariya, kafin magariba bidiyon ya shiga guruf ɗin WhatsApp. Wani ma don mugunta ya riƙa girgiza gada. Haba jama'a! Wanda aka yi wa haka ba zai ƙara fita ba har ya gama makaranta. Haka masu tsayawa a bakin gaɓa don hoto, wannan ganganci ne, kada a kira shi jarumta. Kuma wanda ke da farfaɗiya, ciwon zuciya ko jiri mai yawan tasowa, maganarsa daban ce, ya fara ganin likita. Ruwan Erin Ijesha mai hawa bakwai, kusa da 'yan Ife, da damina santsi gare shi. Wanda ya tsaya a hawa na biyu bai yi laifi ba.

'Yan uwa mata, ban manta da ku ba. Na ga masu hijabi sun kai saman Olumo sun bar maza a baya. Takalmi mai kama ƙasa kawai ake buƙata, a bar silifas a ɗaki, a kuma kula da doguwar riga a kan matakala.

Shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗaliban jihohi, duk shekara kuɗin da muke tarawa a kujeru, lemo da kalanda yake ƙarewa. Me zai hana zangon karatu mai zuwa, bayan jarabawa, a ɗauki shatar bas guda? A tashi bayan sallar asuba, a hau kafin rana ta yi zafi, a sa masu tsoro a gaba kusa da mai rakiya, kuma a yi doka ba a ɗaukar kowa bidiyo sai da izininsa. Idan za a yi, ni zan riƙe bayan layi tare da masu tafiya a hankali.