Olsa, taifod da ciwon hanta: Abin da bincike ya gano, da abin da bai iso Batsari da Safana ba

A shagunan sayar da magani daga Batsari har zuwa Runka, akwai kalma guda da ke rufe bakin duk mai ciwon ciki, ita ce olsa. Mai zafin ƙirji olsa ce, mai kumburin ciki olsa ce, dattijon da ke ramewa ba dalili shi ma olsa ce. Mai kemis ya ƙulla ƙwayoyin omifirazol, ya haɗa da farin ruwan nan mai kama da alli, a biya a koma gida. Ciwo ya lafa na mako biyu ko uku, sannan ya dawo, a sake komawa shago.

A daidai lokacin da wannan zagaye ke cin kuɗin talaka, binciken likitoci kan cututtukan ciki ya yi nisa ƙwarai. Abin lura kuma shi ne, da yawa daga cikin sababbin hanyoyin ba sa buƙatar manyan na'urori. Tambayar da ta rage ta siyasa ce: me ya hana su isa ƙananan hukumomi biyu da ƙidayar 2006 ta ba su mutum kusan 400,000?

Ƙwayar da ta sauya labarin gyambon ciki

Shekara da shekaru likitoci sun ɗauka damuwa da yaji da yawan ruwan tsami na ciki ne ke haddasa gyambo. A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta mai lanƙwasa, wadda yanzu ake kira Helicobacter pylori, tana rayuwa a bangon tumbi, kuma ita ce ummul'aba'isin mafi yawan gyambon. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kurɓi ruwan da aka reni ƙwayar a ciki a 1984, ya kamu da kumburin tumbi. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Tun 1994 kuma hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ƙwayar cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin tumbi.

Ma'anar wannan ita ce gyambon ciki cuta ce da ake warkewa daga gare ta. Omifirazol yana rage ruwan tsami, ciwo ya kwanta, amma ƙwayar tana nan daram. Sai an kashe ta da haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta kafin a ce an yi maganin tushen ciwon.

Arewacin Najeriya yana cikin wannan tarihi tun farko. A 1992 likita Chris Holcombe, wanda ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya wallafa binciken da ya nuna kusan kashi 85 cikin ɗari na mutanen da aka gwada a arewa maso gabas suna ɗauke da ƙwayar. Wani babban nazari na 2017 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya ɗora Najeriya a kan gaba a duniya da kashi 87.7, alhali Suwizalan na da kashi 18.9. Ana kamuwa da ita tun ƙuruciya, a gidajen da ke da cunkoso da ƙarancin ruwa mai tsabta.

Holcombe ya kuma lura da wani abin mamaki: ƙwayar ta yi yawa a Afirka, amma dajin tumbi da ake rubutawa kaɗan ne. An daɗe ana muhawara a kan haka. Wasu masana suna ganin bambancin jinsin ƙwayar ko na abinci ne. Wasu kuwa suna cewa inda babu na'urar leƙa ciki, babu rajistar masu cutar daji, kuma mutane na mutuwa a gida, to ƙarancin adadi bai zama hujjar ƙarancin cuta ba. Wannan hujja ta biyu ta fi kusa da halin da ƙauyukan bakin dajin Rugu suke ciki.

A gwada kafin a ba da magani

Abin da ƙa'idojin likitoci na yanzu suka tsaya a kai shi ne a gwada tukuna. Gwaje-gwaje biyu aka fi amincewa da su ba tare da an zura na'ura ba: na numfashi da na bayan gida. Na bayan gida yana zuwa a ɗan faifai irin na gwajin zazzaɓin cizon sauro, ma'aikacin ɗakin gwaji na ƙaramin asibiti zai iya yin sa. Gwajin jini kuwa, wanda ya fi yaɗuwa a ɗakunan gwaji masu zaman kansu, yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai. A ƙasar da takwas cikin goma suka taɓa kamuwa, irin wannan sakamako bai faɗi wani abin kirki ba.

Gwajin yana da sharaɗi. Dole majiyyaci ya dakatar da omifirazol na mako biyu, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta na mako huɗu, in ba haka ba sakamako zai nuna babu alhali akwai. Bayan an gama shan magani da aƙalla mako huɗu kuma, a sake gwaji don a tabbatar ƙwayar ta mutu. Wannan mataki na ƙarshe shi ne aka fi tsallakewa.

Sai dai gwaji ba ya maye gurbin idon likita. Amai da jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, rama ba dalili, wahalar haɗiyar abinci, ƙarancin jini, ko sabon ciwon ciki ga wanda ya manyanta, duk alamu ne da ke buƙatar a leƙa cikin da na'ura. Ga mutumin Wagini ko Zakka, hakan na nufin tafiya birnin Katsina, wani lokaci har Kano ko Zariya, da kuɗin mota da na masauki da na ɗan rakiya.

Akwai kuma sanadi na biyu da ba a cika ambata ba. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen da firoksikam, waɗanda manoma da 'yan dako ke haɗiya bayan wunin aiki, sau da yawa ciki babu abinci, suna cin bangon tumbi. Wanda ke ɗauke da ƙwayar kuma yake shan su kullum ya haɗa wa kansa haɗari biyu.

Lokacin da magani ya daina ci

Haɗin da aka saba bayarwa na magani uku ne: omifirazol da amoksisilin da kilaritoromaisin, ko a sa metronidazol, wanda kowa ya sani da sunan Flagyl. Ƙarfin wannan haɗi yana ja da baya a duniya. Yarjejeniyar masana ta Turai ta 2022 ta ce kada a yi amfani da shi ba tare da gwaji ba a duk inda sama da kashi 15 na ƙwayoyin suka daina jin kilaritoromaisin. A 2024 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta fifita haɗin magani huɗu na kwana 14, wanda ya ƙunshi bismut da tetirasaikilin da metronidazol da mai rage tsami. Akwai kuma sabon mai rage tsami, bonofirazan, da aka fara sayarwa a Japan a 2015, Amurka ta amince da shi a 2022.

A Najeriya, bincike daga wurare daban-daban ya sha nuna cewa mafi yawan ƙwayoyin ba sa jin metronidazol. Dalilin a fili yake: duk wanda cikinsa ya murɗa sai ya sayi Flagyl na kwana ɗaya ko biyu. Farfesa Stella Smith ta Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya da ke Legas tana cikin masu jagorantar ƙoƙarin samar wa Afirka ƙa'idar kanta, maimakon aron ta Turai. Amma ƙa'ida tana buƙatar alƙaluma daga inda marasa lafiya suke, kuma irin waɗannan bincike galibi a manyan asibitocin birane ake yin su.

Shin kashe ƙwayar yana hana dajin tumbi? Wani gagarumin gwaji a gundumar Linqu ta ƙasar Sin, wanda ya ƙunshi mutum sama da 180,000 kuma aka wallafa a 2024, ya nuna raguwar kusan kashi 13 bayan bibiya ta kusan shekara 12. Sakamako ne mai kyau, amma ba dalili ba ne na a bi gida gida ana raba magani a Katsina. Inda ruwan sha bai inganta ba ana iya sake kamuwa, kuma rabon magani barkatai shi ne ya haifi matsalar tun farko.

Taifod da hanta

Cuta ta biyu da ke ɓuya a bayan ciwon ciki ita ce taifod. Gwajin Widal da ake dogaro da shi an ƙirƙiro shi ne tun 1896, kuma yana yawan nuna cutar ga wanda ba ya da ita. Gwajin da aka amince da shi shi ne renon ƙwayar daga jini, wanda ke buƙatar wutar lantarki da ƙwararru. Ta haka ake ba dubban mutane maganin da ba sa buƙata, yayin da yaron da ke da cutar ta gaskiya zai iya kai mako na biyu ko na uku hanjinsa ya huje. Daga nan sai tiyata cikin gaggawa, kuma kowace sa'a ta jinkiri tana ƙara haɗarin mutuwa. A yankin da mota ba ta iya fita da dare saboda 'yan bindiga, wannan jinkiri ba zaɓin iyaye ba ne. Gwajin sabuwar allurar rigakafin taifod a kan yara kusan 28,000 a Malawi ya nuna kariya ta kashi 78 cikin sama da shekara huɗu, kuma Laberiya da Zimbabuwe da Malawi sun riga sun sa ta cikin rigakafin yau da kullum.

Ta uku ita ce ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi. Yakan yi shiru shekaru, sai ciki ya kumbura da ruwa ko ido ya yi rawaya. Gubar da ke tsirowa a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba tana ƙara haɗarin dajin hanta ga mai ɗauke da cutar. A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauƙaƙa ƙa'idar fara magani, ta yadda gwajin jini guda biyu masu araha za su iya nuna wanda ya kamata a ɗora kan tenofobir. Allurar farko kuma ana son jariri ya same ta cikin sa'a 24 da haihuwa, abin da ke da wuya a inda galibin mata ke haihuwa a gida.

Darasin Madarunfa

Masu cewa ba a iya bincike mai inganci a karkara sai su dubi tsallaken iyakar Jibiya. A Madarunfa ta jihar Maraɗi, cibiyar bincike ta ƙungiyar likitoci ta MSF tare da hukumomin Nijar sun gwada wata rigakafin gudawar yara mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna kariya ta kusan kashi 67 daga gudawa mai tsanani ta ƙwayar rota. Ƙauyuka ne na Hausawa, masu zafi da talauci iri ɗaya da na Batsari. Najeriya ta sa rigakafin rota cikin jerin alluran yara a watan Agusta na 2022. Bambancin Madarunfa shi ne an samu masu zuba kuɗi da ma'aikatan da suka zauna a wurin.

Ƙofar da sulhu ya buɗe

Rashin tsaro ya yi wa harkar lafiya a yammacin Katsina illa mai zurfi. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na Batsari. A Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana, wanda ya sa ko kiran mota don ɗaukar majiyyaci ya gagara. Yunwa ta biyo baya: MSF ta ce yara 652 sun mutu a cibiyoyinta na Katsina saboda tamowa a wata shida na farkon 2025, kuma gudawa da tamowa kowacce tana ciyar da 'yar'uwarta.

A 2025 al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana da wasu maƙwabta suka shiga sulhu da 'yan bindiga. Ra'ayi ya rabu a kansa, kuma sulhun da aka yi a baya ya sha wargajewa. Duk da haka, kowane wata na lafawa dama ce ta mayar da ma'aikata bakin aiki. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya yi alƙawarin cibiyar lafiya mai aiki a kowace mazaɓa cikin 361 na jihar, kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko.

Gini da fenti su ne abin da ake ɗauka a hoto ranar buɗewa. Ma'aunin gaskiya yana cikin ɗakin gwaji da ma'ajiyar magani: ko akwai faifan gwajin bayan gida da na ciwon hanta, ko haɗin kwana 14 yana cikin abin da inshorar lafiya ta jiha ke biya, ko akwai likitan tiyata da jini da wuta a babban asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina yana tattara samfuri daga karkara don sanin wane magani ke ci. Waɗannan tambayoyi ne masu amsa da lamba, kuma kasafin kuɗin jiha takarda ce da kowa ke da haƙƙin karantawa. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, 'yan takara za su zo Batsari da Safana neman ƙuri'a. Matasan yankin suna da damar tarbar su da waɗannan tambayoyi, su kuma rubuta amsar kowa su ajiye.