Ƙullin Da Ya Fito A Wuyan Kawu



Ya 'yan'uwana matasa, shekara 11 bayan an cire wa kawuna ƙodarsa ta hagu saboda ciwon daji, sai wani ƙulli ya bayyana a gaban wuyansa. Kowa a gida ya ce maƙoƙo ne. Shi ma haka ya ɗauka, kuma da ya je wurin likita bai ambaci zancen ƙodar ba ko da kalma ɗaya. A wurinsa Allah ya riga ya yaye, sake tayar da maganar kuwa tamkar butulci ne. 'Yarsa ce ta yi ƙarfin hali ta ce, "Likita, an taɓa yi wa Baba aikin ƙoda." Nan take likitan ya sauya gwaje-gwajen da ya rubuta.

Abin da aka gano ya ba ni mamaki. Ƙwayoyin da ke cikin ƙullin na ƙoda ne, sun zo sun zauna a cikin tayirod, wato halittar nan da ke gaban maƙogwaro wadda ke daidaita yadda jiki ke sarrafa kuzari. Dajin ƙoda yana bin hanyar jini, ya fi sauka a huhu, ƙashi ko hanta. Saukarsa a wuya ba ta da yawa, amma cikin cututtukan dajin da ke tasowa daga wani wuri su kai ga tayirod, na ƙoda yana sahun gaba. Yana iya yin lamo fiye da shekara 10, wani ma har 20. Gwajin da ake yi da allura kan iya rikita shi da ciwon tayirod na asali, shi ya sa tarihin maras lafiya yake da nauyi haka.

Ra'ayina, kuma ina faɗa da ladabi ga iyayenmu, shi ne wannan shirun ba tawakkali ba ne. Sau da yawa camfi ne ya sa rigar addini: tsoron cewa ambaton cuta yana kiranta. Musulunci kuwa ya hana camfi. Mun san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da raƙumarsa, aka umarce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Ajiye takardun asibiti da komawa duba jiki a kan lokaci, ɗaurin raƙumar ke nan. Mu da muke raka su asibiti, mu ne ya kamata mu riƙe takardun, mu kuma buɗe baki idan sun yi kara.

An cire wa Kawu tayirod ɗin gaba ɗaya, kasancewar ba a ga ciwon a wani sashe ba. Yanzu kullum da asuba, kafin ya ci komai, yana haɗiyar ƙwayar levothyroxine, kuma zai ci gaba da sha iya rayuwarsa. Takardun suna cikin jakar 'yar tasa, ranar komawa kuma tana rubuce a bangon ɗakinsa, kusa da jadawalin lokutan salla.