FILIN MATA: Biskit Mai Ado Wanda Ba Alkama Cikinsa

A wannan mako za mu yi magana a kan wani irin biskit da matan Amurka da na Turai ke yi lokacin Kirsimeti da bukin ranar haihuwa. Sukan murza kwaɓi ya yi faɗi, su yayyanka shi siffar tauraro ko fure ko zuciya, su gasa, sa'an nan su yi masa zane da sukari mai launi. Mu ma yanzu ya shigo mana, ana ganinsa a tiren Sallah da na suna. Amma namu na yau ba za a sa masa fulawar alkama ba ko ƙyas, domin akwai yaran da alkama ke yi wa lahani, kuma su ma suna da ido, suna da rai.

Ku duba tiren baƙi a kowane gida ranar biki. Cincin, kek, alkaki, fankasau, dubulan, biskit na kanti, duk 'ya'yan alkama ne. Yaron da likita ya hana wa alkama sai ya zauna yana kallon 'yan'uwansa suna ci, ana ce masa, "Kai ban da kai." Babba ma wannan magana takan sosa masa rai, balle yaro ɗan shekara biyar. To, uwargida tana iya yin biskit ɗin da kowa zai ci, mai lafiya da marar lafiya, ba wanda zai ce nasa dabam ne.

Mene ne laifin alkama?

In kika kwaɓa fulawa, kika wanke kwaɓin a ruwa har farin ya fita, za ki ga wani abu mai yauƙi kamar danƙo ya rage a hannunki. Shi ne likitoci ke kira gulutin, mu sai mu ce danƙon alkama. Akwai shi cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turawa da ake kira rayi. Yawancin mutane ba ya yi musu komai. Amma akwai masu wata cuta, sunanta siliyak, waɗanda in sun ci shi jikinsu yakan juya ya yaƙi hanjinsu. Cikin ƙaramin hanji akwai 'yan tsirai kamar gashin tawul, su ne ke tsotse amfanin abinci. Cutar takan goge su. Sai ki ga yaro yana ci amma ba ya ƙiba, ga gudawa, ga kumburin ciki, ga ƙarancin jini, tsararsa duk sun fi shi tsawo.

Wani likitan Ingila, Samuel Gee, ya bayyana alamun cutar tun 1888, amma bai gano tushenta ba. Wanda ya gano shi ne wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi yunwa a ƙasarsu, burodi ya yi wuya. Sai ya lura yaran da ke da wannan cuta sun sami sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwonsu ya dawo. A 1950 ya rubuta sakamakon bincikensa. Yanzu an ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da ita. Kada a ce cutar Turawa ce kaɗai, domin binciken da aka buga a 1999 a kan 'ya'yan Saharawi, mutanen Yammacin Sahara, ya sami fiye da yaro 5 cikin 100 da ita.

Gargaɗi biyu kafin mu shiga madafa. Na fari, in kina zargin ɗanki na da ita, kada ki hana shi alkama da kanki kafin likita ya auna jininsa, domin in an daina ci awon ba zai nuna gaskiya ba. Na biyu, wanda alkama ba ta yi wa lahani, barin ta ba zai ƙara masa lafiya ba. Wannan biskit kuwa cike yake da sukari da bota, mai ciwon sukari ya yi hattara da shi kamar kowane kayan zaƙi.

Tsabtar kayan aiki

Wannan ita ce babbar magana, ta fi gwanintar hannu. Hukumar ƙa'idodin abinci ta duniya ta tsai da a 2008 cewa abincin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 cikin kilo guda. Watau ɗan burbushin fulawa da ya maƙale a rariya ya isa ya ɓata kwaɓi duka.

Saboda haka ki keɓe rariya sabuwa domin wannan aiki. Kada ki murza a kan katakon da kike murza cincin, itace yakan ɓoye gari a tsagoginsa. Ki wanke kwano da tire da hannuwanki da sabulu. Abin da mata da yawa ke mantawa shi ne injin niƙa na unguwa. In wata ta niƙa alkamar alkaki, ke kuma kika bi bayanta da shinkafarki, to garinki ya gauraya. Gara ki jiƙa shinkafar tuwo, ki tsane ta, ki shanya ta bushe, ki niƙa a naki injin na gida, ki tankaɗe sau biyu. Ko kuwa ki sayi garin da aka rubuta a jikin ledarsa cewa ba gulutin. Rigakafi ya fi magani.

Kayan haɗi

Awon da ƙaramin gwangwanin madara ne, a shafe bakinsa, ban da tozo.

Garin shinkafa mai laushi ƙwarai, gwangwani 2, wajen giram 200.
Kwanfulawa, watau sitacin masara, gwangwani 1.
Sitacin rogo na ci, ba na guga ba, rabin gwangwani.
Bota, gwangwani 1, wajen giram 150.
Sukari, gwangwani 1.
Ƙwai 1.
Gishiri, ɗan tsunkule.
Filebo na banila, ƙaramin cokali 1.
Bekin foda, rabin ƙaramin cokali.
Zantan gam, rabin ƙaramin cokali.

Kowanne da aikinsa. Garin shinkafa shi ne jiki, amma in ya yi tsaki-tsaki za a ji biskit kamar yashi a baki, shi ya sa na ce a tankaɗe sau biyu. Kwanfulawa ke sa shi narkewa a harshe. Sitacin rogo na da ɗan yauƙi, yana taimakon riƙo. Zantan gam wani farin gari ne da ake samu a shagunan masu sayar da kayan kek, shi ke maye gurbin danƙon alkama. In ba ki samu ba, ki ƙara gwaiduwar ƙwai guda, ki yanka biskit ɗinki ƙanana, domin manya za su karye. Mai son ɗanɗanon gida tana iya rage rabin gwangwanin garin shinkafa ta sa garin acca a madadinsa, ita ma acca ba ta da gulutin. Bekin foda kuwa a karanta jikin gwangwaninsa, waɗansu kamfanoni na haɗa shi da garin alkama.

Yadda ake yi

Ki buga bota da sukari kamar minti 2, su haɗu kawai. Kada ki yi musu irin bugun kek, iska mai yawa takan sa biskit ya kumbura ya ɓata siffarsa. Ki fasa ƙwai ki zuba, ki sa filebo, ki juya. Ki haɗa garuruwan nan duka da gishiri da bekin foda da zantan gam a wani kwano, ki tankaɗe su tare, sa'an nan ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina juyawa har ya haɗe.

Za ki ga kwaɓin ya yi laushi yana kama hannu. A nan mata ke yin kuskure, su ƙara gari, biskit ya fito kamar marmara. Kada ki ƙara. Garin shinkafa ba ya shan ruwa da sauri kamar fulawa, sai an ba shi lokaci. Ki raba kwaɓin biyu, ki naɗe kowanne a leda mai tsabta, ki sa a firiji awa 1 ko 2. In wuta ta ɗauke, ki sa shi a kula tare da ƙanƙara. Lokacin bazara ki yi aikin da sassafe, tun rana ba ta narkar da bota ba.

In ya yi tauri, ki ɗora shi tsakanin takardar gashi biyu, ko leda biyu, ki murza da kwalba mai tsabta. Kaurinsa ya yi kamar na fensir, wajen milimita 6. Wanda ya fi haka siranta zai karye a hannun yara. Ki yanka da ƙarfen yankan biskit, ko bakin kofi, ko murfin kwalba. Mai son jinjirin wata da tauraro ta zana su a kwali, ta yanke, ta ɗora a kan kwaɓin ta bi gefe da wuƙa. Ki tsoma bakin abin yankan cikin kwanfulawa don kada ya manne.

Ga wani alheri da wannan kwaɓi ya fi na fulawa da shi. Na fulawa in an maimaita murza shi sai ya yi jijiya, biskit ya yi tauri. Wannan kuwa ki tattara ragowar, ki sake murzawa sau uku ko huɗu, ba abin da zai same shi, sai dai in ya saki ki mai da shi sanyi.

Ki jera a tire, ki bar tazarar yatsa biyu, ki sake mai da tiren firiji minti 15. Wannan sanyi na biyu shi ke sa ƙahonnin tauraro su tsaya cak. Ki gasa a obin mai zafin digiri 170 zuwa 175, minti 10 zuwa 12. Wadda ba ta da obin ta zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta bari ya yi zafi a kan gawayi marar ƙarfi, ta ɗora faranti a kan murfin gwangwani, ta rufe. Kada ki jira ya yi ja kamar na fulawa, garin shinkafa fari yake fitowa. Da gefensa ya soma canza launi, samansa ya daina ƙyalli, ya yi. Ki bar shi a kan tire minti 10 kafin ki taɓa, domin da zafinsa marmashewa yake yi, sai ya huce yake ƙarfi.

Ado

Sai ya huce sarai za a yi masa ado. Ki tankaɗe garin sukari mai laushi, wanda ake kira aisin shuga, gwangwani 2. Ki riƙa ɗiga ruwan lemun tsami da ruwa kina juyawa har ya yi kauri kamar man goge baki. Masu sana'a sukan buga shi da farin ƙwai, yana ba da ƙarfi da ƙyalli, amma ɗanyen ƙwai ba shi da kyau ga ƙananan yara da masu ciki, na lemun tsami ya fi kwanciyar rai.

Launi yana nan cikin madafarki. Ruwan zoɓo mai kauri yana ba da ruwan hoda, lemun tsamin nan kuma shi ke hana shi dusashewa. Ɗan kurkur kaɗan yana ba da rawaya. Garin koko zalla yana ba da ruwan ƙasa. In za ki sayi 'yan ƙwayoyin ado masu launi na kanti, ki karanta jikinsu, waɗansu da sitacin alkama ake yin su.

Ki naɗe leda kamar yadda mai lalle ke naɗe tata, ki zuba, ki yanke bakin kaɗan. Da mai kaurin za ki fara kewaye gefen biskit, kamar an yi wa gona shinge. Ki bar shi minti 10. Sa'an nan ki ɗebi wani ki ƙara masa ruwa ɗigo-ɗigo. Ga yadda za ki gane ya yi: ki ja layi da cokali a kansa, in layin ya ɓace kafin ki ƙirga goma, daidai ne. Ki zuba cikin shingen, ki baza da tsinken sakace. In kina son fure ko ganye a kai, ki bari na ƙasa ya bushe tukuna, kana ki zana. Duk wadda ta iya zanen lalle ta riga ta iya rabin wannan aiki.

Da hunturu yakan bushe cikin 'yan awoyi. Da damina sai ya kwana, a rufe shi da rariya saboda ƙuda da tururuwa, kada a sa shi a firiji, danshi zai jiƙa adon. In ya bushe ki jera a gwangwani mai murfi, ki sa takarda tsakani. Zai yi mako guda lafiya.

Shawarata ta ƙarshe ita ce, ranar biki kada ki haɗa shi tire ɗaya da cincin, burbushi zai hau kansa. Ki yi shi da yawa, ki ba shi nasa tiren, ki gaya wa 'yan aiki da kakanni dalili, domin sau da yawa tausayi ne ke sa kaka ta miƙa wa jika abin da zai kwantar da shi. Ki kuma zaunar da yaran su yi wa nasu zane da hannunsu, ko da tauraron ya fito a karkace.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake kek da garin acca.